Dawakan da Ake Ƙara wa Mota da Wayar Hannu: Daga Ina Suke Fitowa?

Duk wanda ya tashi a zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, ya san yadda ake saita inji a da. Bakanike zai ɗaga bonet, ya sassauta noti guda a gindin distiribita, ya dinga murɗa ta kaɗan-kaɗan yana kasa kunne. In ya ji injin ya ɗauki murya mai daɗi sai ya ɗaure, ya koma kan kafireto da sukudireba ya daidaita mai da iska, ya ce wa yaronsa ya taka totur a ji. Kunne da hanci da tafin hannu su ne ma'auninsa. In ya wuce gona da iri, motar da kanta za ta faɗa masa: da an hau tudu sai a ji injin yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, dole a dawo a mayar da taimin baya.

Abubuwan da yake murɗawa ba su je ko'ina ba, lambobi kawai suka koma a cikin ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawanmu ke kira birenbos. A 1979 kamfanin Bosch ya haɗa sarrafa wuta da sarrafa mai a na'ura guda mai suna Motronic, aka fara sa ta a BMW 732i. Daga 1996 kuma Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota soket ɗin nan na ƙasan sitiyari da ake jona na'urar gwaji, Turai ta bi baya. An yi soket ɗin ne don gano lalura da sa ido kan hayaƙi, amma ƙofar da aka buɗe don leƙe ta zama ƙofar shiga. Yau saurayi zai zauna a kujerar direba da waya da ɗan kebul, ya sayi fayil mai ɗauke da sababbin lambobin saitin inji ta intanet, ya tura wa motar, kafin shayi ya huce ta ƙaru da ƙarfin doki sittin ko saba'in ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Ƙarin nan na gaske ne, ba ruɗu ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba kasafai ake tambayar inda dawakan suke ɓoye tun farko ba, da dalilin da ya sa injiniyoyin da suka ƙera injin, waɗanda suka fi kowa saninsa, suka bar su a ɗaure. A ganina duk dokin da aka kwance da fayil, daga wani tanadi aka ciro shi, tanadin da masana'anta ta ajiye saboda ranar mugun mai, ranar tsananin zafi, da ranar tsufa. Mu kuwa a nan, waɗannan ranaku uku su ne yau da gobenmu.

Zan ɗauki inji guda in bi shi, domin magana a dunƙule ba ta fito da komai a wannan fage. Injin BMW ne mai lamba N54, wanda ya fito a 2006 cikin 335i, motar da samarinmu masu son gudu suka sani sarai. Silinda shida ne a jere, lita 3, da ƙananan turbo guda biyu ƙirar Mitsubishi, kuma nozul ɗinsa na fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsin da kan kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne). Daga masana'anta yana ba da ƙarfin doki 306, da ƙarfin murɗa 400 a ma'aunin Nm tun kafin ya kai juyi 1,500 a minti. Ya lashe kambun gwarzon injin duniya a 2007 da 2008. Masu saita inji kuwa sun so shi ne don wani dalili daban: cikinsa na da ƙwari, kuma ƙwaƙwalwarsa ƙirar Siemens ta buɗu gare su, har manhajoji irin su MHD da Cobb da akwatin JB4 suka yi suna a kansa.

Abu na farko da fayil ke taɓawa shi ne iska. Wuta ba ta ci sai da iska, kuma kowane maƙeri ya san cewa zafin gawayi a hannun mai zuga yake. Turbo shi ne zugazugin inji: hayaƙin da ke fita ne ke juya shi, shi kuma ya danna iska cikin silinda fiye da abin da za ta iya shaƙa da kanta. Akwai wata 'yar ƙofa a jikinsa da ke sakin hayaƙi ya wuce ta gefe in matsin ya kai inda ake so, kuma birenbos ne ke faɗa mata lokacin buɗewa. A N54 masana'anta ta tsayar da matsin a wajen bar 0.6. Fayil ɗin matakin farko yakan kai shi kusan bar 1. Lissafin mai sauƙi ne: iskar sarari kanta bar 1 ce, don haka daga 1.6 aka koma 2, wato ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ƙara wa doki 306 rubu'insa, ka ɗan haura 380. Wannan shi ya sa motar turbo ke amsa fayil nan take, yayin da motar da ba ta da turbo, komai gwanintar mai saitawa, da ƙyar ta ƙara 'yan dawakai kaɗan, don ba ta da zugazugin da za a ƙara wa hannu.

Na biyu shi ne mai. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus ba saura, kowane giram ɗaya nasa na buƙatar giram 14.7 na iska, kuma a kan wannan ma'auni mota ke tafiya in ana tuƙin yau da kullum. Amma da an take totur ƙasa, injin turbo yakan ƙara mai da gangan, ma'aunin ya sauko wajen giram 12 na iska ga giram ɗaya na mai, ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan rarar man ba don ta ƙone ake zuba ta ba. Aikinta shi ne ta busar da kanta cikin silinda ta ɗebe zafi, kamar yadda ake yayyafa ruwa a tsakar gida da rani. Mai saita inji da ke neman lamba mai kyau a takarda zai iya rage wannan rarar, ƙarfi ya ɗan ƙaru, shan mai ya ɗan ragu, mai mota ya yi murna. Abin da ba ya gani shi ne zafin hayaƙin da ke dukan bawul da fukafukan turbo ya hau, kuma kan fistin, wanda alminiyom ne, ya rasa inuwarsa.

Na uku, wanda a wurina shi ne zuciyar sana'ar, shi ne taimin, wato lokacin da fulogi ke kyasta wuta. Mai da iska ba sa fashewa a take. Wutar na tashi ne daga bakin fulogi ta bazu, kuma bazuwar na cin lokaci. Saboda haka ake kyastawa tun fistin bai gama hawowa ba, don ƙarfin turin ya cika daidai lokacin da ya juya ya fara sauka, wajen digiri 15 na juyin karanshaf bayan ƙololuwa. Wanda ya taɓa kallon lugude ya san abin da nake nufi. Mata biyu ko uku kan turmi ɗaya, kowacce taɓaryarta na sauka a daidai gurbin da ta 'yar'uwarta ta bari. In ɗaya ta makara, daka ya yi sanyi. In ta yi gaggawa, taɓare su yi karo. Haka wuta da fistin suke, sai dai saurin ya wuce tunani: a juyi 6,000 a minti, karanshaf na zagayawa sau 100 a daƙiƙa guda, silinda shida na kama wuta sau 300, kuma digiri ɗaya na taimin bai kai kashi ɗaya cikin dubu talatin na daƙiƙa ba. A kan digiri biyu ko uku na wannan ne ake samun doki, a kansu ne kuma ake rasa inji.

Ga yadda ake rasa shi. Yayin da wutar fulogi ke bazuwa, tana matse sauran mai da iskar da ke can gefen silinda, tana gasa su. In matsi da zafi suka fi ƙarfin haƙurin fetur ɗin, wannan ragowar ba za ta jira wuta ta iso ta ba, sai ta tashi da kanta gaba ɗaya. Girgizar da ke biyo baya na kai-komo tsakanin bangon silinda sau dubbai a daƙiƙa, ita ce ƙarar tsakuwa a gwangwani da bakaniken 504 ke saurare. Zan kira ta ƙwanƙwasa, don a bambanta ta da abin da muke nufi in muka ce injin ya buga, wato ya mutu ya tsaya cik. Ƙwanƙwasa ita ce sallama, bugawa ita ce baƙon da ke shigowa daga baya. Tana kankare ɗan siririn lulluɓin iska mai sanyi da ke kare kan fistin, tana fasa dandamalin da ringi ke zaune a kai, tana dukan metal ɗin kwanrod, tana cin gaskit. A ƙaramin inji marar turbo mutum zai iya yawo da ita wata da watanni. A injin da ake danna wa bar 1, 'yan daƙiƙoƙi na ƙwanƙwasa mai tsanani sun isa.

Waɗannan ukun, iska da mai da taimin, a ɗaure suke da igiya guda. Ka ƙara iska, matsi da zafi sun ƙaru, ƙwanƙwasa ta matso. Dole ka janye taimin ko ka ƙara mai ko ka nemi fetur mai haƙuri. Ka janye taimin da yawa, wutar ta bi hayaƙi waje tana ci, turbo ya gasu. Cikin birenbos kuma ba lamba ɗaya ba ce ga kowanne, jadawali ne mai ɗaruruwan gidaje, kowane gida na cewa: in juyin inji kaza ne, nauyin da ke kansa kaza, to wuta a digiri kaza, mai kaza. Bayan su akwai wasu jadawalin gyara, masu rage taimin in iska ta yi zafi, masu rage matsi in baƙin mai ya doshi digiri 150. Masana'anta ta cike gidajen nan ne tana tunanin mota guda da za a sayar wa mai sanyin Norway da mai zafin Dubai, mai canza baƙin mai kan kari da mai mantawa, kuma ita za ta biya in injin ya lalace cikin garanti. Ratar da ta bari tsakanin abin da injin ke yi da abin da zai iya yi, ita ce hajar da mai fayil ke sayarwa.

Abin da ya fi gamsar da ni a wannan batu shi ne duba yadda masu injin da kansu suka yi sa'ad da suka so ƙarin ƙarfi. BMW ta fitar da 335is a Arewacin Amurka da wannan N54 ɗin, doki 326. Ƙarin doki ashirin kacal, amma sai da ta haɗa mata ƙarin lagireto da fanka mafi ƙarfi, kuma ƙarfin murɗa na 500 da ta ba ta, na 'yan daƙiƙoƙi ne, sai birenbos ya janye shi. A 2011 ta kai injin doki 340 a cikin 1M, nan ma da ƙarin sanyaya. Kamfanin Alpina na garin Buchloe a Jamus, wanda sana'arsa a lokacin ita ce gyara motocin BMW, da ya so doki 360 a motarsa B3 bai tsaya kan fayil ba. Ya cire fistin ɗin asali ya sa na Mahle masu ƙwari, ya sauke matsin silinda daga 10.2 zuwa 9.4 don ya samu sararin ƙara iska, ya ƙara sanyaya baƙin mai. Mutanen da ke da ɗakunan gwaji da injiniyoyi, kuma suke sayar wa masu shan fetur mafi kyau a duniya, sai da suka kwance inji kafin su kai 360. Fayil ɗin waya yana alƙawarin abin da ya fi haka a kan fistin ɗin da ya riga ya yi shekara goma sha biyar yana aiki. Ba ina cewa ƙarya yake ba. Dubban motoci a Turai da Amurka na yawo da irinsa lafiya. Ina cewa ne su da mu ba ruwa ɗaya muke sha ba.

A nan ne maganar oktan ke shigowa, kuma a nan na fi ganin ana yi wa rogo kallon kitse. Oktan ba ƙarfin fetur ba ne, haƙurinsa ne: yadda yake jure matsi da zafi bai kama da kansa ba. Matsalar ita ce ma'auni biyu ake amfani da su a duniya, lambobinsu kuma suna kama da juna. Turai da mu muna amfani da ma'aunin da ake kira RON. Amurka da Kanada na rubuta matsakaicin gwaji biyu ne a jikin famfo, wanda kan zo ƙasa da RON da maki huɗu zuwa biyar. Wato 93 na Amurka ya yi daidai da wajen 98 a ma'auninmu, 91 nasu wajen 95 ne, 87 nasu, man da suke ɗauka mafi araha, shi ne wajen 91 namu. Fetur ɗin gidajen manmu kuwa iri ɗaya ne tal, kuma ƙa'idar da aka gindaya masa RON 91 ce. Na taɓa zama a wani gareji wani matashi ya kawo irin wannan mota tana rawa da silinda ɗaya. Yana nuna wa maigidan garejin wayarsa yana cewa, "Baba, wallahi ban zaɓi babban ba, na 91 na sa, irin man da muke sha." Dattijon ya karɓi wayar ya duba ya ce, "Samari, wannan 91 ɗin ba namu ba ne." Fayil mafi sauƙi a jerin an rubuta shi ne don man da ya ɗara namu da maki huɗu. Motar ma kafin a taɓa ta, littafinta na Amurka 91 ɗinsu ya ba da shawarar a sha, ke nan tun ranar da ta sauka daga jirgin ruwa ta fara cin tanadinta.

Wannan in man ya cika ƙa'ida ke nan. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai methanol fiye da kima, hukuma ta janye shi, layi ya dawo gidajen mai, motoci da dama suka kwana a gareji. Ga kuma galan ɗin 'yan bumburutu da tafiyar dare kan tilasta wa mutum, wanda ba mai iya rantsuwa kan abin da ke cikinsa. Kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa ba sa cike wannan rata; akasarinsu in sun ce suna ƙara maki uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi. Masu wasan nan a Amurka suna gauraya fetur da ethanol don su samu haƙurin da suke so, abin da famfunanmu ba sa sayarwa.

Sai zafi. Iska in an matse ta zafi take yi, duk wanda ya taɓa famfon keke bayan bugun taya ya sani. A ranar da gari yake digiri 15 a Jamus, turbo mai danna bar 1 zai fitar da iska mai zafin digiri ɗari da 'yan kai. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, gari na digiri 40 ko fiye, iskar da ke fita daga turbo ɗin ta haura 130. Aikin intakula, wato lagireton iska da ke gaban mota, shi ne ya sauke wannan zafin, amma da iskar waje yake fifita, iskar wajen kuwa ita ma wuta ce, ga kwalta na turiri, ga ƙurar hunturu ta toshe masa haƙarƙari. Intakular N54 ta asali ƙarama ce, an auna ta ne da bar 0.6. Ja na farko, wato in aka take totur ƙasa mota ta zabura, za ta jure, na biyu ta ɗumame, na uku iskar da ke shiga silinda ta yi zafin da kowane digiri nata ke matso da ƙwanƙwasa. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri: tsakanin digiri 15 da 45 an rasa kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta. Don birenbos ya cika abin da fayil ya umarce shi, sai ya ƙara wa ƙananan turbo ɗin gudu, su kuma su ƙara dafa iskar. Wanda ke Jos, sama da mita 1,200 daga teku, ya samu sauƙin zafi amma iskarsa ta fi sirantaka, turbo ɗinsa ma aikin ƙari yake yi.

Masu kare fayil za su ce ai motar na da sensar ƙwanƙwasa, za ta kare kanta. Da gaskiyarsu har wani wuri. Tun 1982 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da tsarin da ke sauraren injin ya rage matsin turbo in ya ji ƙwanƙwasa, kuma N54 ya fi wannan wayo nesa ba kusa ba: yana gane silindar da ta yi ƙara, ya janye mata taimin ita kaɗai, ya dawo da shi a hankali. Amma a lura, sai ta ƙwanƙwasa yake ji. Mai gadi ne da ke farkawa bayan an taɓa ƙofa, kuma akwai iyakar digirin da zai iya janyewa. Masana'anta ta sa shi ne don tankin mugun mai na lokaci-lokaci, ba don ya kwana yana aiki kullum ba. Motar da ke yawo da janyewar digiri biyar ko shida a kowane ja ta mayar da dawakan da aka saya, ta riƙe zafin. Akwai kuma wata lalurar da sensar ba ta da ikon tarewa, wadda ta addabi injinan turbo masu fesa mai kai tsaye: in aka take totur ƙasa alhali injin na ƙaramin juyi cikin babbar giya, ɗigon baƙin mai ko ɓarɓashin gawayi kan kunna wutar tun fulogi bai kyasta ba. Janye taimin ba ya maganin wutar da ba fulogi ne ya kunna ta ba. Saboda wannan lalura aka fito da sababbin ma'aunan baƙin mai, API SN Plus a 2018 da SP a 2020. Fayil mai cika matsi tun daga ƙasa, wanda shi ne ke ba da daɗin nan na mota ta manna ka da kujera, a tsakiyar wannan haɗari yake wasa.

Kada a manta kuma da shekarun motar. N54 na ƙarshe-ƙarshe a 335i sun haura shekara goma sha biyar, kuma yawancin waɗanda suka iso mu sai da suka gama wata rayuwar a ƙetare. Injin na da lalurorinsa sanannu. Famfon mansa mai babban matsi ya yi ta mutuwa har BMW ta yi kiranyen motoci wajen 130,000 a Amurka a 2010. Famfon da ya gaji zai iya ciyar da doki 306 ba a gane ba, amma a nemi 370 sai matsin mai ya faɗi a tsakiyar ja, daidai lokacin da fistin ya fi buƙatar yayyafin nan. Da yake fetur ba ya wanke bayan bawul a irin wannan inji, gawayi na taruwa a wurin har ya shaƙe hanyar iska. Kwayil da fulogin da ke kyasta wuta lafiya a ƙaramin matsi sukan gaza in matsi ya ƙaru, shi ya sa ake sa fulogi mai jure zafi a kuma matse bakinsa. Famfon ruwansa na lantarki ne, yakan mutu ba sallama. A kan wannan sai a ɗora al'adar garejinmu ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, alhali birenbos ɗin wannan mota da zafin ruwa yake lissafin mai da taimin. Giyabos ɗin otomatik na ZF da ke bayansa an auna shi ne da ƙarfin murɗa na 400 zuwa 450, fayil kuma na iya tura masa sama da 500. Birki da taya kuwa ba wanda ya tura musu fayil.

Akwai ɓangaren da ya wuce mai mota ya shafi maƙwabci. Mataki na biyu na yawancin fayilolin nan yana buƙatar a cire matatar hayaƙi, abin da kanikawa ke kira indomi, sannan a kashe fitilar da za ta kai ƙara. Wannan indomin shi ke mayar da iskar gas mai guba marar wari da ɗanyen fetur da sauran dafin hayaƙi su zama marasa illa sosai kafin su fita salansa. Mai cire shi yana gaba cikin gilas da na'urar sanyi. Mai shaƙa shi ne ɗan acaɓa da mai talla da yaran da ke tsallaka titi. Duniya ta ga girman abin da lambobin birenbos ke iya yi a Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ta rubuta wa motocinta na dizal saiti biyu, ɗaya na ɗakin gwaji ɗaya na titi, abin da ya shafi motoci wajen miliyan 11. A Jamus, ƙasar su N54, wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi bai kai an duba an shigar a takardun mota ba, izinin hawanta titi ya faɗi, inshora ma na iya juya masa baya. Haka nan ƙarar fat-fat ɗin da ake so a ji in an saki totur a wajen biki: ana samun ta ne ta hanyar ci gaba da zuba mai tare da jinkirta wuta, don man ya je ya fashe a cikin salansa. Ba ta ƙara ko doki ɗaya, turbo da bawul ne ke biyan kuɗinta.

Duk da haka ban ce kada a taɓa ba. Saita inji ilimi ne mai daɗi, kuma akwai fuskarsa da ta fi dacewa da mu wadda ba a cika magana a kanta ba: a rubuta wa mota fayil daidai da manmu da zafinmu, ko da hakan na nufin a janye taimin a wasu gidajen jadawalin ƙasa da na masana'anta, a sa fanka ta riƙa tashi da wuri, a sassauta matsi a ƙaramin juyi. Gwani na gaske kafin ya ƙara komai sai ya ga lafiyar injin: ya auna matsin kowace silinda, ya sauya fulogi da kwayil, ya kankare gawayin bawul, ya toshe duk inda iska ke zurarewa, ya mayar da tamostat, ya sa babbar intakula. Da yawa daga cikin motocin nan a wannan matakin kaɗai suke dawo da dawakan da tsufa ya cinye, mai su ya ji kamar an sauya masa mota.

Bayan nan sai awo, domin kunne ya daina isa; injin zamani na janye taimin tun kafin ɗan'adam ya ji komai. Manhajar da ke tura fayil ita ce kuma ke iya naɗar abin da injin ke yi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ana sa mota a giya ta uku, a take totur daga wajen juyi 2,500 har kusa da jan layi, sannan a zauna a karanta. Irin wannan ja na kai mota sama da kilomita 140 a awa, don haka wurinsa kan na'urar gwajin ƙarfi ne ko filin da aka killace, ba titin unguwa ko hanyar ɗaurin aure ba, inda ran wani ke iya salwanta saboda lambar da ke kan waya. Abin da ake dubawa a naɗin bai da yawa: matsin da aka nema da wanda aka samu, su tafi tare, ma'aunin mai da iska a ɓangarori biyu na injin, kada ɗaya ya rame, matsin famfon mai, kada ya zube a sama, zafin iskar da ke shiga, nawa ya hau daga farkon ja zuwa ƙarshensa, sai layuka shida na janyewar taimin, ɗaya ga kowace silinda. Silinda ɗaya ta janye digiri biyu ko uku sau ɗaya ta dawo, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Uku ko huɗu su janye tare, su kuma maimaita a ja na gaba, man ne ko zafin ke cewa an kai bango.

Lokacin gwajin ma na da muhimmanci. Naɗin da aka yi da asubahin Disamba, iska na kaɗawa da sanyi, ba ya ba da labarin abin da zai faru in bazara ta kama. A yi shi da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, da man gidan man da aka saba sha, na'urar sanyi a kunne, ja uku a jere ba hutu. In layukan shida suka zauna kusa da sifili har ƙarshen ja na uku, fayil ɗin ya dace da motar da garin. In suka fara zamewa, a sauko mataki ɗaya, a bar injin ya huce, a sake naɗa.